Ƙofar da Tartsatsi Ya Liƙe

Akwai wani mai walda da ba wanda yake kiransa da sunan yanka, kowa Tartsatsi yake ce masa. A aiki ba shi da na biyu. Get ɗin da ya haɗa, sai dai gini ya faɗi ya bar shi a tsaye. Amma mutum ne da bai iya jira ba, bai kuma iya haɗiye magana ba. Ya taɓa fasa wa mai kawo masa ƙarfe baki don kawai ya ce masa ya dawo gobe. Matarsa takan ce, "Baban yara, kai ko ruwan shayi ba ka bari ya tafasa."

Shagon nasu ne su biyu da ƙanensa Auta, magidanci mai 'ya'ya biyu, mai sanyin hali. Shi ne kullum yake bin bayan yayansa yana gyara abin da ya ɓata, har masu kawo aiki suna tsokanarsa cewa sana'arsa biyu ce, walda da ban haƙuri.

Tartsatsi ya daɗe a gidan haya. Wata safiya gardama ta haɗa shi da ɗan mai gidan a kan famfon tsakar gida, kafin a ankara ya shaƙe yaron mutane ya haɗa kansa da bango. Da yamma mai gidan ya aiko cewa ya nemi wani wurin. Tartsatsi ya fito ƙofar gida, ya rantse a gaban jama'a cewa wata ba zai mutu ba sai yana kwance a gidan kansa. Wannan rantsuwa ita ta zame masa igiya a wuya.

Ya sayar da filin da ya daɗe yana tattali, ya sayar da motar da suke kai get da tagogi da ita, ya nemi wani dillali. Dillalin ya kai shi da matarsa wani gida a bakin titi, sabon fenti sai ɗaukar ido yake yi. Mai sayarwar yana tsaye yana jiransu, wani dattijo mai ƙamshin turare da ake ce wa Kawu Gayu. Ya zaga da su ɗakunan gaba da kicin da banɗaki, yana magana kamar rediyo. A gefen gidan akwai wani siririn lungu da ya ƙare a wata ƙofar ƙarfe. Matar Tartsatsi ta nuna ta.

"Baba, can kuma fa?"

"Ɗakuna biyu ne a baya, 'yata. Tarkace ne a ciki, na manta makullin a wata rigar."

Da suka fito ta ja mijinta gefe. "Baban yara, tarkace ba ya share ƙofa. Ka dubi bakin ƙofar nan fes, ga kuma takalmin yarinya a ajiye. Mu tambayi maƙwabta mana."

"Ke dai ba kya rabo da tsegumi. Gida na zo saye, ba tarihin unguwa ba."

Da labari ya kai wa Auta, ya ajiye guduma ya ce, "Yaya, cinikin biri a sama ne wannan. A buɗe maka ko'ina ka gani. Mu je ofishin filaye a duba sunan wa ke kan gidan. Ka zo da iyalinka ku zauna wurina kafin a gama bincike, ɗaki ɗaya ya ishe mu."

"In tare a gidan ƙanena, a ce an kore ni na rasa wurin zuwa? Dillali ya ce akwai mai zuwa da kuɗi a hannu gobe. Ku kuna bincike, wani yana tarewa."

Washegari ya biya, aka sa hannu a shagon dillali, aka miƙa masa makullai. Da ya ƙirga su bai ga na ƙofar baya ba, amma farin ciki ya hana shi tambaya.

Ranar tarewa, ana cikin sauke gado da kujeru, sai ƙofar lungun nan ta buɗe. Wata tsohuwa ta fito da tsintsiya, wata 'yar yarinya riƙe da gefen zanenta. Ta dubi kayan, ta dubi mutanen.

"Sannunku da aiki. Sababbin 'yan haya ne?"

"Wace haya? Ni ne mai gidan," in ji Tartsatsi. "Ke wace ce?"

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Maƙwabta suka fara matsowa, kowa yana "Gwaggo, lafiya?" Nan gaskiya ta fito. Gidan na mahaifinsu ne ita da Kawu Gayu, ba a taɓa raba gadon ba. Ita take zaune a baya tun rasuwar mijinta, da ɗanta direban babbar mota, da jikarta marainiya. Ranar da aka kawo masu saye, ƙanen nata Kawu Gayu ne ya aike su dubiya asibiti.

Tartsatsi ya kira Kawu Gayu, waya a kashe. Ya kira dillali, ya ce shi haɗa ciniki kawai ya yi. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya ture tsohuwar daga bakin ƙofa ya kutsa ciki. Ɗan tsakar gida ne ƙarami da aka rufe samansa da kwano, da ɗakuna biyu masu tagogin ƙarfe. Ya fara wurgo tukwane da bokitai cikin lungu. Ya ɗaga keken ɗinkin tsohuwar ya maka shi da ƙasa, kansa ya rabu da gindinsa. Yarinyar tana ta tsala ihu.

Yana cikin haka ɗan tsohuwar, Direba, ya dawo. Ƙato ne, ƙofar ma sai ya sunkuya yake shiga. Ya ga uwarsa a ƙasa gwiwarta na jini, bai tambayi ba'asi ba. Naushi ɗaya ya zubar wa Tartsatsi da haƙoran gaba biyu. Tartsatsi ya rarumi ƙafar keken ɗinkin ya sauke masa a goshi. Suka kama juna suna birgima cikin ruwan wanke-wanke da jini, sai da maza shida suka taru kafin a raba su.

A ofishin 'yan sanda aka yi musu faɗa, aka ce maganar gida ta kotu ce, kowa ya zauna inda yake. Auta ya ja yayansa wurin lauya. Lauyan ya karanta takardar cinikin ya girgiza kai.

"Mutumin nan ya sayar maka da abin da ba nasa shi kaɗai ba ne. Amma ba ka yi asara duka ba. Kotu za ta iya ba ka rabonsa na gidan, ko a kamo shi ya dawo da abin da ya karɓa. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka sake taɓa matar nan ko kayanta."

"Sai yaushe ke nan?"

"Shari'a ba a yi mata rana."

Tartsatsi ya miƙe, ya bar Auta yana ba lauya haƙuri.

Da yamma Gwaggo da kanta ta zo ƙofar ɗakinsu tana ɗingishi. Ta ce, "Ɗan nan, ni da kai duk mutum ɗaya ya cuce mu. Ka zauna a gaba da iyalinka, in zauna a baya, har alƙali ya raba. Abin da ka yi mini na yafe."

Da wani ne, da nan magana ta mutu. Amma Tartsatsi duk lokacin da harshensa ya taɓa gurbin haƙoransa sai zuciyarsa ta tafasa. Ga 'yan unguwa da suka fara ce masa mai rabin gida. Ya yanke wa ɓangaren baya ruwa, maƙwabta suka riƙa miƙa wa Gwaggo a bokiti. Ya tsinke mata wayar lantarki, Direba ya sayo ƙaramin janareto, yana ajiye jarkar fetur a bayan ƙofarsu. Matarsa ta yi magana, ya daka mata tsawar da ta sa yaransu suka ɓuya a bayan kujera. Mahaifiyarsu, Inna, ta aiko a gaya masa ya ji tsoron Allah, tsohuwar nan sa'arta ce. Ya ce a gaya wa Inna ya ji.

Wata rana da hantsi, bayan ya ga Direba ya fita, ya je shago ya ɗora injin walda da babban janareto a kan kura. Auta ya tare shi.

"Yaya, ina za ka da inji? Ba mu da aikin waje yau."

"Ƙofa zan gyara."

Ya biya ta bakin tasha ya ɗauko wasu ƙarti uku da ba su da aikin yi sai faɗa, ya ba kowannensu guntun rodi. Ya tsayar da su a bakin lungu, ya ce ko kare kada ya wuce. Matarsa ta fito ta riƙe masa riga.

"Suna ciki fa! Ita da yarinyar suna ciki!"

"Na sani. Ta yini a kulle. In ta ji uwar bari ta ce za ta tashi, in yanke in buɗe mata."

Ya fincike rigarsa, ta faɗi a kan matakala. Ta tashi ta shige ɗaki ta kira Auta tana kuka.

Tartsatsi ya tayar da janareto, ya sa gilashi a fuska, ya fara liƙe ƙofar da ƙarfen da ke riƙe da ita. Daga ciki Gwaggo ta fara bugawa.

"Wane ne? Ɗan nan, me kake yi? Ka buɗe, yarinya na tsoro!"

Ya ci gaba da aikinsa. Ya bi gefen ƙofar tun daga sama har ƙasa, aiki mai kyau irin wanda ya saba. Da ya iso ƙasa, wuta tana ta fallatsa tana shigewa ta ƙarƙashin ƙofar, shi kuwa bai damu da inda take sauka ba.

Wani maƙwabci ya riga ya kira Direba, wanda bai yi nisa ba. Ya iso a guje da ƙarfen kwance taya a hannu, samarin unguwa na biye da shi. Ƙartin suka tare su. Na farko ya kai wa Direba rodi a kafaɗa, Direba ya sauke masa ƙarfe a hannu, aka ji ƙashin ya yi ƙas. Titi ya hargitse. Duwatsu da kwalabe suka riƙa yawo a sama, gilasan tagogin sabon gidan suka zube. Wani saurayi ya faɗi kansa a fashe, aka tattake shi. Direba ya keta ya isa kan janareton, ya yi ta dukansa har ya mutu, ya fizge wayoyin ya tsinka su. Sannan ya juyo kan Tartsatsi.

Tartsatsi ya tare shi da guduma. Ya same shi a haƙarƙari, Direba ya durƙusa, amma ya kamo ƙafafunsa ya kayar da shi, ya hau ruwan cikinsa yana dukan fuskarsa da hannu biyu. Tartsatsi ya cije shi a kunne har sai da ya ji gishirin jini a bakinsa. Ba wanda ya lura bugun ƙofar ya sauya. Ba wanda ya ji abin da tsohuwar take faɗa yanzu.

Matar Tartsatsi ce ta ƙwalla ƙara. "Wuta! Wuta! Jama'a, hayaƙi!"

Baƙin hayaƙi yana tuttuɗowa ta ƙarƙashin ƙofar da ta gefen kwano. Jarkar fetur ɗin da ke bayan ƙofa ta kama. Ƙartin suka zubar da rodi suka ranta a na kare. Direba ya saki Tartsatsi ya faɗa kan ƙofar da kafaɗa, ko motsi ba ta yi ba. Ya kama ta da hannu, fatar tafinsa ta manne a jikin ƙarfen.

"Ka yanke ta! Don Allah ka yanke ta!" yake ce wa mutumin da yake duka yanzun nan.

Tartsatsi ya rarrafa ya ɗauko injin yankan ƙarfe. Sai a lokacin ya ga janareton a farfashe, wayoyin a tsinke. Ya ɗauki guduma ya yi ta dukan wurin da ya liƙe. Ya fi kowa sanin ba zai buɗe ba, shi ya yi aikin. Daga ciki muryar yarinyar tana kiran kakarta, tana tari.

A daidai nan Auta ya sauka daga babur. Kallo ɗaya ya yi wa ƙofar. Ya ɗauki rodi, ya taka tagar ɗakin gaba ya haye rufin. Maƙwabta biyu suka bi shi. Ya sa rodin ya ɓanɓare kwanon da ya rufe tsakar gidan baya, hayaƙi ya bugi fuskarsa. Ya ja rigarsa ya rufe hanci, ya dira ciki.

Tartsatsi yana ƙasa yana ihu, "Auta! Ka fito! Auta!"

Can sai ga hannuwa sun ɗago yarinyar ta ramin, maƙwabta suka cafe ta. Aka jima. Sai ga kan Gwaggo, ɗankwalinta na ci da wuta, Auta ya ɗora ta a kafaɗarsa yana turo ta sama. Suka jawo ta, suka kashe wutar da hannu. Ɗaya daga cikinsu ya kwanta a kan kwanon mai zafi ya miƙa hannu.

"Kamo! Auta, kamo hannuna!"

Yatsunsu sun taɓa juna. Sai tukunyar gas ɗin da ke kicin ɗin tsohuwar ta fashe. Ƙarar ta girgiza titin, ta watso mutanen da ke kan rufin ƙasa. Katakan rufin suka rufta ciki gaba ɗaya, wuta ta tashi sama, ta kama ɗakunan gaba.

Sannan jama'a suka juyo kan Tartsatsi. Bai gudu ba, bai kare kansa ba. Suka rufe shi da duwatsu da itace da rodin da shi ya kawo. Suka karya masa hannu, suka fasa masa ido ɗaya. Wani ya fara neman tayar da za a ƙone shi da ita. Direba ne, da hannuwansa a ƙone, ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa yana cewa, "Ku bari! Ƙanensa ne ya fito mini da uwata! Ku bari hukuma ta zo!" A haka 'yan sanda suka same su.

Masu kashe gobara sun zo sun tarar da bango kawai. Sai da suka yanke ƙofar da injinsu kafin su fito da Auta a lulluɓe.

Tartsatsi ya farfaɗo a gadon asibiti, ankwa ta haɗa ƙafarsa da ƙarfen gadon. Matarsa tana zaune a gefe, idanunta sun kumbura. Ya tambaye ta Auta. Ta ce an kai shi tun jiya. Ya juya fuskarsa bango ya yi wani irin kuka da ya sa masu jinya a gadajen kusa suka tashi suka fita.

Kotu ta ɗaure shi shekaru masu yawa. Shagon ya rufe. Matarsa ta kwashi yara ta koma gidan iyayenta. Gwaggo ta rayu da tabon ƙuna a wuya, ta koma wurin 'yan'uwa da jikarta. An kama Kawu Gayu daga baya a wani gari, amma abin da ya rage a hannunsa bai kai a yi magana ba. Gidan da aka yi duk wannan a kansa ya zama kango, awaki suna kwana a ciki.

Sau ɗaya Inna ta je gidan yari. Ta zo riƙe da hannun 'ya'yan Auta biyu, ta zaunar da su a benci, ita ta tsaya. Tartsatsi ya durƙusa a bayan wayar ƙarfen da ta raba su.

"Inna, ki yafe mini."

Ta tsufa a 'yan watannin nan fiye da yadda ta tsufa a shekara goma.

"Ni uwa ce, ba ni da yadda zan yi, na yafe," ta ce. "Amma waɗannan kullum sai sun tambaye ni me ya kai babansu cikin wuta. Na rasa amsa. Shi ya sa na kawo su. Ga su nan, kai ka gaya musu."

Yaran suka ɗago kai suna kallonsa, suna jira. Har mai gadi ya buga ƙarfe ya ce lokaci ya yi, bai iya furta kalma ɗaya ba. Inna ta kama hannuwansu suka juya.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Gida ba riga ba ne da za a saya a tsaye a canza gobe. Duk mai niyyar saye, ya sa a buɗe masa kowace ƙofa ya gani da idonsa, ya tambayi maƙwabta, ya je ofishin filaye ya tabbatar da mai shi, in kuma gidan gado ne ya ji daga bakin kowane magaji kafin ya biya. Dillalin da ya ce maka wani na zuwa gobe, bar shi ya zo, matambayi ba ya ɓata. In kuwa an riga an cuce ka, hanyar hukuma ko ta yi tsawo tana da ƙarshe, amma wanda ya ce zai ƙwaci haƙƙinsa da ƙarfin damtse ba shi yake zaɓar wanda zai biya ba. Dukiyar da ta salwanta ana iya mayar da ita, rai kuwa ba a mayar da shi. Sauri ya haifi nawa, kuma da-na-sani ƙeya ce, a baya take.